Bauchi na bin masu zane bashin yaƙin 1827

A farkon shekarar 1827 Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kutso da rundunar Barno cikin ƙasar Kano, har aka shiga fargabar birnin zai faɗi. Wanda ya tare shi ya mai da shi baya shi ne Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, wanda ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan wannan karo Sakkwato da Barno ba su sake gwabza babban yaƙi ba, iyaka ta zauna. Amma yaron da ya tashi a Bauchi yau sai dai ya ji labarin a baki ko ya tsince shi a layi biyu na littafin makaranta. Ra'ayina shi ne Gwamnatin Jiha da Masarautar Bauchi su sa a yi babban zanen fentin mai na wannan yaƙi, a rataye shi inda talaka zai shiga ya gani kyauta.

Kayan aikin duk suna nan. Littafin Turawa matafiya Denham da Clapperton na 1826 yana ɗauke da zanen mahayin Barno cikin sulke. Hawan Sallah kuma har gobe yana fito da kwalkwali, mashi, takobi da tambura, ga masanan fada da suka gaji tarihin. Wani zai ce mai zanen ai bai ga yaƙin ba. Haka ne, amma Elizabeth Butler ta zana sukuwar dawakin Birtaniya a yaƙin Waterloo ne a 1881, shekara 66 bayan yaƙin, kuma zanen yana Leeds ana koyar da tarihi da shi. Abin da ake nema bincike ne da amana, don haka masanin tarihi ya zauna da mai zane tun daga farko.

Maganar addini ta fi nauyi, kuma ba a tsallake ta. Malamai sun yi saɓani kan zanen abu mai rai, su ya kamata a fara tuntuɓa. Daular Usmaniyya ta Turkiyya da ta Mughal dai sun bar zanen yaƙe-yaƙensu cikin littattafai. A namu ma ana iya zana rundunar daga nesa, fuskoki rufe da amawali, ba tare da ƙirƙiro wa Yakubu kamanni ba.

Masu tsoron a tayar da tsohuwar gaba da Barno suna da hujja idan aka yi zanen kirari. Shi ya sa dole a nuna ɓangarorin biyu da mutunci, tare da 'yan ƙasa masu baka da kibiya da waɗanda suka faɗi, domin Musulmi ne suka kashe juna ranar. Shekarar 2027 yaƙin ke cika shekara 200. A ware kuɗin, a buɗe gasa ga masu zanenmu tun yanzu.