Rigar Sanyi da Laimar Agege

Abin yana damuna in ga rigar sanyi ta saƙa rataye a igiya tana ɗigar ruwa a lungunan Agege. Nauyin ruwan ke jan zaren; kafin ta bushe wuya ya saki, hannu ya zarce yatsu. Da ruwan sanyi ake wanke ta, a matse a hankali, ban da murɗawa, sannan a shimfiɗa kan tabarma a inuwa. Ruwan zafi kuwa tsuke ulu yake yi. Babbar matsalar ajiye rigar sanyi a Legas laima ce. Duk wanda ya sayo gwanjo a kasuwar Katangowa ya cusa a leda har damina ta wuce, fumfuna zai tarar. A ninke rigar a bushe, a sa kafur saboda asu, amma kada ya kusanci kayan jarirai.