Ƙarin tantanin huhu: Cutar da kan ɓuya a bayan tarin fuka

A ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da ke yammacin jihar Kano, idan mutum ya shafe makonni yana tari, abin da ma'aikatan lafiya kan fara zargi shi ne tarin fuka.

Suna da hujja kuwa, domin Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu a duniya.

To amma akwai wata cutar da ba a cika samu ba, wadda alamominta suka yi kama da na tarin fukar: ƙarin da kan fito a jikin tantanin da ya lulluɓe huhu.

A shekarar 1931 ne wasu likitoci biyu a Amurka, Klemperer da Rabin, suka bambance shi da sauran ire-irensa.

Ya fi kama masu shekaru 50 zuwa sama, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 ba na daji ba ne.

Yakan girma sannu a hankali ba tare da ciwo ba, har sai ya danne huhu, sannan tari da haki da ciwon ƙirji su biyo baya. A wasu marasa lafiyar, kan yatsu kan yi kauri, ko sukarin jini ya faɗi.

Inda gizo ke saƙa

Gwajin kaki ba ya nuna wannan ƙari, hoton ƙirji kuma inuwa kawai yake nunawa.

Ana bukatar hoton CT, sannan a yanki tsokar a duba ta a ɗakin gwaji. Tun daga shekarar 2013, lokacin da aka gano sauyin ƙwayar halittar da ke haddasa shi, gwajin STAT6 ya zamo abin dogaro wajen tabbatar da shi.

Irin wannan bincike kuwa aikin manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, lamarin da ke nufin kuɗin mota da na gwaji ga manomin da ya taso daga Getso ko Garo.

Haɗarin shi ne a ɗora mutum a kan maganin tarin fuka na watanni 6, alhali tiyata ce maganinsa.

Idan aka cire ƙarin baki ɗaya, akasarin marasa lafiya kan warke, kodayake yakan dawo bayan shekaru, don haka sai an ci gaba da bibiya.

Ke nan gwajin kakin da bai nuna komai ba, ga kuma inuwar da ta ƙi gushewa, dalili ne na tura mara lafiya Kano ba tare da jinkiri ba.