Taura biyu ba ta taunuwa: abin da kujera ta yi wa Horace Greeley

Ranar 29 ga watan Nuwamba na shekarar 1872, wani dattijo mai shekara 61 ya rasu a gidan jinyar wani likita, arewa da birnin Niyok. Kwana 24 kafin rasuwarsa ya sha kaye a zaɓen shugaban ƙasar Amurka. Wata ɗaya kafin rasuwar ya yi rashin matarsa. Da ya koma ofishin jaridar da ya kafa da guminsa, sai ya tarar ikonta yana sulalewa daga hannunsa. Sunan wannan dattijo Horace Greeley, wanda ya yi shekara 30 manoma da ƴan kasuwa da malaman makaranta na arewacin Amurka suna jiran su ji ra'ayinsa kafin su tsai da nasu. Tarihinsa ya cancanci a karanta shi a duk inda ake buga jarida kuma ake jefa ƙuri'a, domin yana nuna cewa ƙarfin ɗan jarida yana cikin rashin bukatarsa ga kujera, kuma ranar da ya fara kwaɗayinta, ranar ce ya fara cin uwar kuɗinsa.

An haifi Greeley a shekarar 1811 a jihar New Hampshire, a gidan wani manomi da bashi ya ci gonarsa. Bai yi karatu mai zurfi ba. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi koyon aikin ɗab'i a wani ƙaramin gari na jihar Vermont, inda ya riƙa jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya har su zama shafi. A nan ya koyi rubutu, a nan ya koyi gardama. A 1831 ya shigo Niyok da ƴar jakar tufafinsa, ba dangi ba uban gida. Shekara uku bayan haka ya buɗe wata jarida ta mako-mako wadda ta sami masu karatu amma ba ta kawo riba ba.

Siyasa ce ta fara fitar da shi daga talauci, kuma wannan yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Thurlow Weed, wanda ke juya jam'iyyar Whig a jihar Niyok daga bayan fage, shi ya gano iyawar yaron, ya ba shi aikin buga jaridar yaƙin neman zaɓe a 1838, sannan wata a 1840 wadda ta taimaka wajen ɗora William Henry Harrison bisa mulki. Da sunan da ya samu a nan ne Greeley ya fito da jaridar New-York Tribune ranar 10 ga watan Afrilu na 1841, ana sayar da ita santi ɗaya. Bugunta na mako-mako, wanda ake aikawa ƙauyuka ta gidan waya, ya kai kimanin kofi 200,000 wajen shekarar 1860, kuma kowane kofi yakan bi hannu da yawa kafin ya yage. Jaridar ta yaƙi bauta, ta goyi bayan ƙungiyoyin ma'aikata, ta nemi a raba wa talakawa filayen gwamnati su noma. Ta ɗauki mace, Margaret Fuller, a matsayin mai sharhin littattafai a 1844, lokacin da hakan baƙon abu ne. Karl Marx ya yi kusan shekara goma yana aiko mata da rahoto daga Landan. Mai jaridar kansa shi ne shugaba na farko na ƙungiyar ma'aikatan ɗab'i ta Niyok a 1850.

Sau ɗaya tak Greeley ya zauna bisa kujerar majalisar ƙasa, kuma na wata uku ne kawai, daga Disamba na 1848 zuwa Maris na 1849, lokacin da aka tura shi majalisar wakilai ya ƙarasa wa'adin wani. Abin da ya yi a can, duk ma'aikacin da ya taɓa cike takardar kuɗin tafiya zai gane shi. Doka ta ba kowane ɗan majalisa santi 40 a kan kowane mil daga garinsu zuwa Washinton, bisa hanyar da aka saba bi. Greeley ya sa aka ɗauko lissafin gajeriyar hanya ta gidan waya, ya jera sunan kowa, da abin da ya karɓa, da abin da zai karɓa in da ya bi gajeriyar hanyar, ya buga a jaridarsa. Cikin sunayen har da na wani ɗan majalisa daga Illinois mai suna Abraham Lincoln, wanda rararsa ta kai kimanin dalar Amurka 677. Majalisa ta harzuƙa, abokan zamansa suka tsane shi, har aka yi batun korarsa. Abin lura a nan shi ne, da alƙalami ya yi wannan aiki. A matsayinsa na ɗan majalisa bai bar wata doka da ake tunawa da ita ba. Jerin sunayen nan da ya buga kuwa har yau masu koyar da aikin jarida suna ba da misali da shi.

Da ya tsaya a nan, da labarinsa ya zama na yabo zalla. Sai dai akwai wani Greeley na biyu a cikin rigar na farko, wanda ke ganin ya yi wa jam'iyya bauta shekara da shekaru, ana raba muƙamai ana tsallake shi. A 1854 ya so a tsai da shi takarar gwamnan Niyok, ko aƙalla mataimaki. Weed ya ƙi, kuma takarar mataimakin ta tafi ga Henry Raymond, tsohon yaronsa wanda ya kafa jaridar New York Times, babbar kishiyar Tribune. Greeley ya zauna ya rubuta wa Sanata William Seward doguwar wasiƙa ta sirri, yana lissafa hidimar da ya yi da ladan da ba a ba shi ba, yana sanar da shi cewa tarayyarsu su uku ta ƙare.

Shekara shida bayan haka ya sami damar ramuwa. A babban taron sabuwar jam'iyyar Rifablikan da aka yi a Shikago a 1860, kowa na zaton Seward za a tsayar takarar shugaban ƙasa. Greeley ya shiga zauren da kujerar wakilin Oregon, ya bi wakilai ɗaya ɗaya yana gaya musu Seward ba zai ci zaɓe ba. Da yawa sun gaskata shi domin suna ɗaukarsa tsohon aminin Seward ne mai faɗin gaskiya ko da ta yi ɗaci. Aka tsai da Lincoln. Ba a jima ba Raymond ya tona batun wasiƙar 1854, aka buga ta kowa ya karanta. Tarihi ya nuna Lincoln ya dace da wannan lokaci, amma wannan bai wanke Greeley ba, domin ba ma Lincoln ne ɗan takararsa na farko ba. Tun daga ranar, duk sharhin da ya rubuta sai mai karatu ya tambayi kansa: shawarar mai kishin ƙasa ce wannan, ko kukan wanda aka hana rabo? Jarida ba ta da wata haja sai amana. Ɗan kasuwar da aka taɓa kama shi da mudu biyu, ko ya koma awo na gaskiya, sai mai saye ya riƙa kallon hannunsa.

Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya fito da ƙarfinsa da rauninsa gaba ɗaya. A farkon yaƙin jaridarsa ta yi kwanaki tana matsa wa gwamnati ta tura soja su kama Richmond, babban birnin ƴan tawaye. Sojan da ba su gama horo ba suka fita, aka fatattake su a Bull Run cikin Yuli na 1861, aka ɗora wa Tribune kaso mai yawa na laifin. A watan Agusta na 1862 kuma ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Lincoln yana zarginsa da jan ƙafa wajen ƴanta bayi. Shugaban ƙasa da kansa ya ba shi amsa a rubuce, ya ce babban burinsa shi ne ceton haɗin kan ƙasa. Lincoln ya riga ya tsara sanarwar ƴancin kafin wasiƙar ta fito, amma amsar ta nuna matsayin mai jaridar: shugaba a tsakiyar yaƙi ya ga bai iya yin shiru da shi ba. Bayan yaƙi, a 1867, Greeley ya sa hannu a takardar belin Jefferson Davis, shugaban ƴan tawayen, wanda ya yi shekara biyu a tsare ba shari'a. Dubban masu karatu suka daina karɓar jaridarsa, cinikin littafinsa na tarihin yaƙin ya faɗi. Ana iya ganin ya yi kuskure, amma ba wanda zai ce don neman riba ya yi.

Sai shekarar 1872 ta zo. Cin hanci ya yi yawa a kewayen Shugaba Ulysses Grant, wani ɓangare na ƴan Rifablikan ya ɓalle, suka taru a Cincinnati cikin watan Mayu, suka tsai da Greeley. Jam'iyyar Demokrat, da ta ga ba ta da wanda zai iya ka da Grant, ta rufe ido ta karɓe shi a watan Yuli. Ga mutumin da ya yi shekara 30 yana kiran ƴan Demokrat masu kare bauta, mashaya, maciya amanar ƙasa, ga shi yanzu yana roƙon ƙuri'arsu. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga da tawada aka ajiye a ɗakin karatu. Abokan hamayya ba su wahala ba, tsofaffin shafukan Tribune kawai suka buɗe suna karanta wa jama'a. Mai zanen ba'a Thomas Nast ya bi shi mako bayan mako a mujallar Harper's Weekly, har ya zana shi yana miƙa hannu ga wanda ya kashe Lincoln a bisa kabarin Lincoln.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne halin da baƙaƙen fata na kudu suke ciki. Shekara bakwai kacal da ƙarshen bauta, ƙungiyar Ku Klux Klan na kashe su don su daina zuwa rumfar zaɓe, gwamnatin Grant kuwa ita ke tura soja da alƙalai su kare su. Greeley ɗan takara ya koma wa'azin sulhu da a bar wa kudu harkokinta, domin abin da sababbin abokansa ke son ji ke nan. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta ya zama babban muryar baƙaƙe, ya tsaya tare da Grant. Mutanen da alƙalamin Greeley ya yi shekaru yana karewa sun ga takararsa a matsayin barazana ga rayukansu, kuma suna da hujja. Ranar 5 ga Nuwamba Grant ya sami kusan kashi 56 cikin ɗari na ƙuri'u, Greeley ya sami kusan kashi 44 da jihohi shida kawai. Ya rasu tun kafin wakilan jihohi su zauna su jefa ƙuri'ar ƙarshe, sai aka rarraba akasarin ƙuri'u 66 da suka kamace shi ga wasu mutane. Grant ya halarci jana'izarsa.

Wani zai ce ɗan jarida ɗan ƙasa ne, kuma tsarin mulki bai hana shi neman kujera ba. Gaskiya ne. Wani kuma zai ƙara da cewa Greeley ya sauka daga jagorancin jaridar da zarar an tsai da shi, ya miƙa ta ga Whitelaw Reid. Wannan ma gaskiya ne, kuma abin yabo ne da masu jarida da yawa ba su yi ba. Amma saukar ta zo a makare da shekara 18. Tun 1854 yake riƙe da alƙalami a hannu ɗaya yana lalube kujera da ɗayan, kuma a duk tsawon wannan lokaci mai karatu yana biyan kuɗinsa ne bisa zaton labari da shawara yake saye. Ba laifi jarida ta kasance da ra'ayi, ko ta fito fili ta ce ga ɗan takarar da ta fi so. Laifin yana farawa ne lokacin da mai jarida yake da wata bukata ta kansa a wurin waɗanda yake rubutu a kansu, ya kuma ɓoye ta. Wanda ke jiran a naɗa shi ba ya iya faɗin dukan gaskiya game da mai naɗin. Wanda aka hana naɗi shi ma ba ya iyawa, domin fushi yana karkata awo kamar yadda kwaɗayi ke karkata shi.

Saboda haka nauyin ya rataya a kan ɓangarori biyu. Ɗan jaridar da ya ji kujera na kiransa, ya faɗa tun da wuri, ya ajiye alƙalami, ya shiga fili a auna shi kamar kowane ɗan siyasa, ya kuma sani ba lalle ne ya tarar da wurinsa ba in ya dawo. Mai karatu kuma, ko a kanti yake ko a ofis, ya koyi tambayar abin da mai sharhi ke nema, musamman ranar da ya ga jaridar da ta saba yabon wani ta juya masa baya cikin dare ɗaya ba tare da wani sabon dalili ba. Greeley ya tona kuɗin tafiyar majalisa sukutum, ya sa shugaban ƙasa ya ɗauki alƙalami ya ba shi amsa, duk ba da ƙarfin kujera ba. Da ya tashi neman kujera mafi girma, sai ya rasa ta, ya rasa jaridar, ya kuma rasa yardar waɗanda ya yi rayuwarsa yana karewa. Allah ya sa masu alƙalami su ɗauki darasi.