A KAI YUNWA GABAN ALƘALI

Ya ku talakawan Damagaram! Wanda aka sace wa akuya ya san ƙofar alƙali. Wanda aka bari da yunwa fa, ina za shi kai kuka?

Ba mu manta da 2005 ba. Ruwa ya ɗauke, farin dango sun cinye gonaki a 2004, ƙauyukanmu suka koma cin anza, Shugaba Tanja kuwa ya ce babu yunwa a ƙasa. Tsarin mulkin 2010, aya ta 12, ya ba kowa hakkin abinci mai kyau, isasshe. An jingine shi a Yulin 2023. Ko sa'ad da yake aiki ma, takarda ba ta cika rumbun kowa ba.

Ku dubi Indiya. A 2001 hatsi na jibge a rumbunan gwamnati, jama'a na fama da yunwa, sai aka kai ƙara. Kotun Ƙoli ta tilasta a dafa wa 'yan firamaren gwamnati abincin rana.

Abin da muke nema ke nan. Ran da za a rubuta sabon tsarin mulki, a maido da wannan hakki, a kuma buɗe wa talaka ƙofar kotu. Abinci hakkinmu ne, ba sadaka ba ne!