Raddi ga Masu Cewa Ciwon Suga Kwaɗayi Ne, Acca Kuma Maganinsa

Akwai wani hukunci da ake yanke wa masu ƙiba da masu ciwon suga a Jos, ana jin sa a majalisun Unguwar Rogo da Gangare, ana jin sa a rumfunan Bukuru da wajen zaman biki. Hukuncin shi ne wai duk babban mutumin da ƙiba ta kama, ko suga ya hau kansa, bakinsa ne ya ja masa, domin kwaɗayi mabuɗin wahala. Wai da zai kama kansa ya bar zaƙi, ya koma tuwon acca ko na alkama, ya maye sukari da zuma, ya riƙa shan ruwan shuwaka, da ya warke sarai har ya jefar da ƙwayoyin asibiti. Masu wannan magana suna faɗin ta da ƙarfin gwiwar wanda bai taɓa kwana da ciwon ba. Akwai ɗan guntun gaskiya a cikinta, domin abinci yana da hannu a cutar, amma ginshiƙin da aka ɗora ta a kai ruɓaɓɓe ne, kuma shi ya kamata a fara kayarwa.

Ginshiƙin shi ne ɗaukar cewa yunwa hali ce, kamar rowa ko gulma, wadda mutum zai bari in ya ga dama. Ilmin jikin ɗan Adam ya daɗe da wuce nan. A shekarar 1994 ɗakin binciken Jeffrey Friedman a Jami'ar Rockefeller ta Amurka ya gano sinadarin leftin, wanda kitsen jiki ke fitarwa don ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. A 1999 masu bincike a Japan suka gano girelin, wanda tumbi ke saki idan ya wofinta, shi ne ke tayar da jin yunwa kafin lokacin cin abinci. Waɗannan sinadarai suna aiki ne ba tare da neman izinin mai jikin ba, kuma babu wa'azi ko gori da ke rage yawansu a jini. Idan kitse ya ragu leftin yana faɗuwa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya shigo, sai ta ƙara wa mutum yunwa, ta kuma rage yawan kuzarin da jiki ke ƙonawa.

An gwada wannan a kan mutane. Wani bincike da aka yi a Melbon ta Ostireliya, aka wallafa a 2011, ya ɗauki mutum 50 masu nauyin jiki ya sa su a kan tsauraran matakan rage ci na mako 10. Sun zubar da kimanin kilo 13 kowannensu a matsakaici. Bayan shekara guda aka sake auna jininsu, sai aka tarar girelin yana sama da yadda yake kafin su fara, leftin yana ƙasa, kuma su da kansu suna ba da rahoton yunwa fiye da ta da. Wato mutumin da ya yi ƙoƙari ya rame, shi ne jikinsa ke ƙara masa azabar yunwa tsawon watanni. A kira irin wannan mutum makwaɗaici zalunci ne tsagwaronsa, kuma abin takaici masu kiran nasa hakan sukan kasance waɗanda ko abincin rana ɗaya ba su iya tsallakewa sai a azumi.

Gado ma yana da nasa rabon, kuma babba ne. Albert Stunkard da abokan aikinsa sun bi diddigin mutum 540 da aka riƙe tun suna jarirai a Denmak, sakamakon ya fito a 1986. Nauyin jikinsu bayan sun girma ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na iyayen riƙon da suka ciyar da su a kwano ɗaya da sauran 'ya'yan gida ba. Duk gidan Bahaushe da ya san riƙo zai gane ƙarfin wannan hujja. Yaya za a ce tarbiyyar baki ce kaɗai, alhali yaron da bai taɓa cin tuwon uwarsa ba ya tashi da irin jikinta?

Ga mai ciwon suga kuwa, maganar kwaɗayi ta juya gaskiya ne a baibai. Yawan ci ɗaya ne daga cikin manyan alamomin cutar guda uku da ake koya wa kowane ɗalibin likitanci, tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari. Dalilin a bayyane yake. Abinci yana narkewa ya zama gulukos a jini, insulin ne ke buɗe masa hanya ya shiga ƙwayoyin jiki. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina sauraron sa, gulukos yana taruwa a jini ƙwayoyin jiki kuwa suna zaune da yunwa. Da zarar ya haura kimanin 10 a ma'aunin milimol, ƙoda takan fara zubar da shi a fitsari, abincin da mutum ya ci ya bi masai. Shi ya sa ake ganin magidanci ya cinye malmala biyu, bayan awa ɗaya yana lalube a kicin, kuma yana ramewa. Cutar ce ta kawo cin. Wanda ya gan shi ya ce zari ne ya ɗauki alamar ciwo ya mai da ita sanadin ciwon.

Akwai kuma yunwar da magani ke jawowa, wadda masu hukuncin ba su ma san da ita ba. Allurar insulin da ƙwayar gilibenkilamaid, wadda ake yawan rubutawa saboda arharta, suna iya saukar da suga ƙasa da 3.9 idan mutum ya sha bai ci abinci a kan lokaci ba. A ɗauki 'yar kasuwar da ta haɗiye ƙwayarta da asuba, ta fita cikin sanyin Jos ba ta karya ba don kada a ce ta cika ci. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya hannunta ya fara rawa, zufa na keto mata duk da hunturu, idonta na ganin dishi-dishi, cikinta na kiran ciroma. A wannan lokaci sukari ko lemon zaƙi shi ne cetonta, kuma maƙwabciyar da ta fizge kwalbar daga hannunta da sunan taimako tana iya jefa ta cikin suma. Jahilcin da ke tafe da ƙarfin hali irin wannan ya fi rashin kula haɗari.

Sannan abincin kansa yana da tasiri a kan yawan abin da za a ci. A wani bincike da aka wallafa a 2019, Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka ya ajiye mutum 20 a asibiti na tsawon wata guda. Mako 2 aka ba su abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, mako 2 kuma abincin da ba a sarrafa ba, aka ce kowa ya ci iya son ransa. Mutanen nan dai su ne, halinsu bai canza ba, amma a makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kullum, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma suka sauke shi. Wanda ya san teburin mai shayi a safiyar Disamba a Jos, inda garin ke bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, ya san abin da ake nufi: kofi babba, cokali uku ko huɗu na sukari, madarar gwangwani, rabin burodi da taliyar leda. Leburan da ke zaune a bencin bai zaɓi wannan don shagali ba. Shi ne mai zafi, mai sauri, mai arha da ke kan hanyarsa, musamman tun da hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, ƙwai da kifi da nama suka fi ƙarfin talaka.

Ba wai zaɓin mutum ba shi da amfani ba ne. Binciken DiRECT na Birtaniya, wanda ya fito a 2017, ya nuna kashi 46 cikin ɗari na masu nau'i na biyu na cutar da suka bi tsarin rage nauyi sun samu sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara guda. Amma a duba yadda aka yi: abinci aunanne na kalori 850 ko ƙasa kaɗan a rana na wata 3 zuwa 5, ma'aikatan lafiya suna bibiya, kuma mutanen ba su wuce shekara 6 da kamuwa ba. Da tsari da tallafi aka kai ga wannan sakamako, kuma ko da hakan fiye da rabi ba su kai ba. Ba a taɓa jin asibitin da ya warkar da kowa da gori ba. Abin da gori ke haifarwa shi ne ci a ɓoye, da ɓoye sakamakon gwaji, da ƙin komawa wurin likita.

Sai batun acca, wadda mutanen Filato ke alfahari da ita, kuma sun cancanta. Hatsi ce mai daraja, tana fitowa a ƙasar da ba ta da ƙarfi a Riyom da Barikin Ladi da kewaye, tana da wasu sinadaran gina jiki da masara ba ta da su sosai. Amma kusan kashi uku cikin huɗu na busasshiyar acca sitaci ne, kamar dai shinkafa da gero, kuma sitaci gulukos yake komawa. Idan aka surfe ta fes, aka niƙa, aka tuƙa tuwo mai laushi ko aka dama kunu, narkewarta na ƙara sauri. Mai ciwon da aka ce masa acca magani ce, ya sayi mudu da tsada, ya zauna ya share malmala uku da kwanciyar hankali, an gudu ne ba a tsira ba. Garin alkama da ake tuƙawa ma haka yake. Abin da ya fi kusa da daidai yana cikin tukunyar gargajiya ta Filato tun tuni, wato gwate, inda 'yar acca kaɗan ke iyo cikin ganye da yalo da wake. Ma'aunin da masana abinci ke koyarwa ke nan: rabin faranti ganye da kayan lambu, rubu'i wake ko kifi ko ƙwai ko awara, rubu'i kawai tuwo ko shinkafa ko dankalin Turawa na Bokkos. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Garin da kasuwar Farin Gada ke loda kabeji da karas da latas da koren wake zuwa sassan ƙasa bai kamata majinyatansa su rataya ransu a kan hatsi ɗaya ba.

Zuma kuwa kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinta sukari ne. Darajarta a addini da al'ada ba ta hana ta ɗaga sugan jini, kuma na'urar gwaji za ta nuna hakan cikin awa biyu ga duk mai shakka. Lemon malt da ake kai wa majinyaci dubiya shi ma cike yake da sukari.

Ruwan shuwaka da na dogon yaro an ɗora su ne a kan tunanin cewa ɗaci na kashe zaƙi, kamar jinin mutum kofin shayi ne. Shuwaka a miya ganye ce mai kyau. Ba ta zama madadin insulin, kuma mai nau'i na ɗaya na ciwon suga da ya ajiye allurarsa saboda ita yana iya mutuwa cikin kwanaki.

Cewa cutar ta masu ƙiba ce da masu kuɗi ba ta buƙatar dogon martani. Siraran mutane da yawa suna da ita, kuma alƙaluman Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya na 2021 sun nuna fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su san suna ɗauke da ita ba. Ɗaukar cutar a matsayin ta masu ƙiba da masu kuɗi tana cikin abin da ke hana su gwaji.

Jefar da magani shi ne mafi muni, kuma sakamakonsa sananne ne: gyambon ƙafa da ke kai wa ga yankewa, makanta, lalacewar ƙoda, shanyewar ɓarin jiki. Rage magani ko dakatar da shi hukuncin likita ne bayan gwaji. Duk wanda yunwa ta addabe shi fiye da kima, ko yana shan magani ko ba ya sha, ya je a auna sugansa da safe kafin ya karya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko asibitin Jankwano, ko cibiyar lafiya mafi kusa. Idan awon ya kai 7.0 a ma'aunin milimol ko ya wuce, aka maimaita ya sake nuna haka, ciwon suga ne, kuma 'yan uwansa su taya shi auna tuwo da sayen ganye, su daina kiran sa makwaɗaici.