SHARHI: Mukullin shiga kwamfuta daga nesa, da darasin da Anka ta koya a 2021

A farkon Satumban 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu ba su bayanai. Mako biyu aka ambata da farko. An maido wa Gusau da layi a watan Oktoba, amma Anka da Gummi da Bukkuyum sun ci gaba da zama cikin shiru.

An yi ta magana kan 'yan kasuwa da masu POS da matakin ya durƙusar. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yadda katsewar ta yanke hanyar da masu fasaha ke bi su duba na'ura ba tare da sun taka ƙafa zuwa inda take ba. A yankin da tafiya daga Gusau zuwa Anka ke iya ƙarewa a hannun masu garkuwa da mutane, wannan hanya tana tsare rai ne, ba lokaci kaɗai ba.

Fitacciyar hanyar yin hakan ita ce SSH. Wani mai bincike ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro ta a 1995, bayan an kama ana satar kalmomin sirri a jami'arsa, Jami'ar Fasaha ta Helsinki. Kafin nan, kalmar sirri a fili take tafiya cikin waya, duk wanda ya laɓe zai karanta. SSH ta lulluɓe zancen da ke tsakanin kwamfutoci biyu, ta kuma ba da damar shiga da mukulli mai ɓangare biyu: ɗaya a ajiye a na'urar da ke nesa, ɗayan kuma ba ya barin hannun mai shi. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wadda ake samu kyauta, kowa kuma na iya duba yadda aka rubuta ta. Masu amfani da Windows sun daɗe da sanin PuTTY, ita ma kyauta ce.

Muhimmancin haka ga yammacin Zamfara a bayyane yake. Tun bala'in gubar dalma na 2010, wanda ya halaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yankin ya san darajar bayanan lafiya da ke isa kan lokaci. Alƙaluman asibitocin gwamnati a Najeriya suna taruwa ne a DHIS2, manhajar kyauta da Jami'ar Oslo ke kula da ita. Ofishin da ba shi da kuɗin lasisi na iya mallakar irin kariyar da manyan bankuna ke dogaro da ita. SSH kuma ba ta cin data sosai, domin rubutu take ɗauka, saboda haka ko layi mai rauni na iya wadatarwa. Sai dai idan layin ya mutu gaba ɗaya, mukulli ba shi da ƙofar da zai buɗe.

Akwai kuma haɗari na biyu. A ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya bayyana cewa an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata ƙaramar manhaja da SSH ke jingina da ita a wasu nau'o'in Linux. Jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga na cikin abubuwan da suka ja hankalinsa. Mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana neman amincewar mai kula da manhajar kafin ya aikata hakan. Da ɗan gari akan ci gari. Amma kasancewar rubutun a buɗe ne ya sa aka gano makircin kafin ya bazu.

A matakin ƙaramar hukuma, ɓarakar ta fi wannan sauƙi: kalmar sirri ɗaya da mutum biyar suka sani, ko ɗan kwangilar da ya gama aiki ya tafi da mukulli ba a soke shi ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, kuma ba ta ware hukumomin gwamnati ba.

Tambayoyin da ya kamata matasan Anka da Gummi da Bukkuyum su yi wa masu neman ƙuri'unsu a 2027 guda biyu ne. Wane ne ke riƙe da mukullan na'urorin da ke ɗauke da bayanansu? Idan kuma aka sake yanke shawarar katse layi, wane tanadi aka yi wa asibitoci kafin a sa hannu a takardar?