Kafin mu zuba kuɗin ƙungiya a kan sifikar da aka rubuta wa wat 5000

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, rubutun nan yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare. Maganar kayan sauti ce. Tun da aka ce za a taɓa asusun ƙungiya a sayi sifika don mu huta da haya, hotunan da ake ta turowa a guruf iri ɗaya ne: baƙin akwati mai taya da fitilu, an rubuta masa wat 3000 ko 5000 da manyan lambobi. Ra'ayina shi ne kada mu saya. Mu nemi kawunan sifika masu kyau, wato su kansu masu maganaɗisu da takarda, mu ba kafinta ma'auni ya haɗa mana akwati biyu. Digirina na biyu a fannin lantarki nake yi, amma lissafin da zan kawo ɗan aji ɗaya ma zai iya bi.

Mu fara da wat ɗin nan. Irin waɗannan akwatunan da yawansu batir ɗin da ke ciki mai bolt 12 ne, 7Ah. Idan ka ninka, duk abin da yake riƙe da shi bai wuce wat 84 na tsawon awa ɗaya ba. Da a ce da gaske akwatin yana jan wat 5000, cikin minti ɗaya batir ɗin zai ƙare. Kai, soket ɗin bango ma mai fis ɗin amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3000. To daga ina 5000 ta fito? Lamba ce ta talla, galibi za ka ga an rubuta PMPO a gefenta. Wadda ake iya ɗan dogaro da ita ita ce RMS, ita ma abin da take faɗa maka kawai shi ne yawan wutar da kan sifikar zai jure kafin koyil ɗinsa ya ƙone. Ba ta faɗi komai a kan ƙarar da zai bayar ba. Kamar ka je sayen mota ne a ce maka tankinta na cin lita kaza, ba a faɗa maka nisan da take yi da lita ɗaya ba.

Lambar da nake so mu riƙa tambaya ita ce wadda masu sana'ar ke kira sansitibiti: idan aka ba kan sifika wat ɗaya tak, aka tsaya mita ɗaya daga gabansa, desibel nawa zai bayar? Sifikun ɗaki da na mota da yawa suna tsakanin 85 da 89. Kawunan da aka yi don taro, masu inci 12 ko 15, suna kai 95 zuwa 99. Za ka ce ai bambancin kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne fa. Duk ƙarin desibel 3 da kake so, sai ka ninka wutar sau biyu. Ke nan mai 88 sai ya ci wat 8 kafin ya yi ƙarar da mai 97 zai yi da wat ɗaya. Sifika dai na'ura ce mai ɓarna: mai 88 bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da aka ba shi yake mayarwa sauti ba, sauran duk zafi ne. Ga kuma wani abu, idan koyil ya yi zafi, tagullarsa na ƙara turjiya, sai ƙarar ta ragu. Shi ya sa a wajen biki ake ta ƙara murɗa boliyom can cikin dare, sautin bai ƙaru ba sai ƙaurin ƙuna.

Me ya sa wannan ya dame mu? Wuta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kunna janareta ya koma, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit. Taronmu nawa aka jinkirta ana jiran a kawo wuta ko a haɗa kuɗin fetur? Ƙaramin amfilifaya irin mai TPA3116 na kamfanin Texas Instruments, wanda allonsa bai fi tafin hannu ba, idan aka ba shi bolt 12 yana iya ba kan sifika mai om 8 kusan wat 9. Ɗora wannan a kan mai desibel 97, ka samu kusan 106 a mita ɗaya. A fili, duk ninkin nisa ana rasa desibel 6, don haka wanda ke zaune mita 16 daga gaba zai samu wajen 82. Wannan ya isa a ji lacca sarai. Mai 88 kuwa sai an nemo masa wat 72 kafin ya yi wannan aikin, daga nan an koma maganar babban amfilifaya da janareta. Da kawuna masu ƙarfin amsawa, batir ɗin inbata ɗaya ko ƙaramin sola ya riƙe mana taro daga farko har addu'ar tashi.

Kuma wannan ba sabuwar dabara ba ce. Lokacin da gidajen sinima suka fara nuna fim mai magana, amfilifayar zamanin 'yan wat kaɗan take bayarwa, da manyan ƙahonni aka cika zaurukan da sauti. Paul Klipsch a Amurka ya fito da Klipschorn a 1946, har yau ana yin ta, kuma wat ɗaya ya ishe ta ta cika falo. Da wuta ta yi arha a can ne aka koma ƙananan akwatuna masu cin wat da yawa. Mu da wutar ba ta yi mana arha ba, ban ga dalilin da zai sa mu bi su ba.

Yanzu ga inda nake ganin masu haɗawa a gida suka fi yin asara: haɗa kan da ke ɗaukar kaurin sauti da wanda ke ɗaukar siririn sauti. Mutum zai sayi mai inci 15 saboda ya fi cika ido, ya liƙa masa tuwita mai arha irin ta fiyezo, ya sa kafasito ɗaya, shi ke nan wai an gama. Sai ka ji ana dum-dum a ƙasa, ana tsi-tsi a sama, tsakiyar da muryar mutum take babu kowa. Dalilin yana cikin lissafi. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Takardar mai inci 15, ɓangaren da ke motsi, faɗinsa kusan santimita 33 ne, don haka daga wajen 1000Hz sautinsa ya fara tsukewa kamar hasken tocila, wanda ke tsaye saitinsa ne kaɗai ke ji. Mai inci 12 yana kai wajen 1300Hz kafin hakan ta fara. Shi kuma kan hon mai maƙogwaron inci ɗaya, yawancinsu kamfanoninsu ba sa so a sauko da su ƙasa da 1200 zuwa 1800Hz, in ba haka ba fatar cikinsu ta fashe. Kun ga mai inci 12 da hon mai inci ɗaya suna iya miƙa wa juna hannu. Mai inci 15 kuwa yana son babban hon mai inci 1.4 ko 2, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin asusunmu. Saboda haka ni inci 12 nake ba da shawara.

Sai maganar daidaita ƙarfinsu. Kan hon yana bayar da desibel 105 zuwa 110 a wat ɗaya, ya fi abokin nasa da kusan 10. Idan aka haɗa su haka kai tsaye, hon ɗin zai danne komai, shi ne sautin nan mai soke kunne da ke sa mutanen layin gaba toshe kunnuwa da hannu. Ana rage masa ne da resisto biyu. Ga mai om 8 da ake son rage wa desibel 10, a sa mai kusan om 5.6 a jere da shi, a sa mai kusan om 3.9 a gicciye, kuma su zama irin fararen nan masu jure wat 10 ko fiye. Kurosoba kuma, wato mai raba wa kowanne nasa sautin, a yi ta da koyil da kafasito a kowane ɓangare. Kafasito ɗaya ba ya tare kaurin sauti da kyau, a hankali hon ɗin zai mutu. Duk waɗannan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kan hon ɗaya da za a ƙona.

Hattara da wata dabarar talla. Wasu suna auna sansitibiti da bolt 2.83. A kan om 8 wannan wat ɗaya ne daidai, amma a kan om 4 wat biyu ne, sai lambar ta haura da desibel 3 a banza. Ka duba om ɗin kafin ka kwatanta biyu.

Na san abin da 'yan kwamitin nishaɗi za su ce: ina bas? Gaskiya ce, akwai abin da za mu rasa. Masu wannan fanni suna da ƙa'idar da ake jingina wa Anton Hofmann: ƙaramin akwati, bas mai zurfi, ƙarfin amsawa, biyu kawai za ka samu a cikin ukun. Idan muka zaɓi ƙarfin amsawa da akwatin da mutum ɗaya zai iya ɗauka, to ba za a ji ƙasa na girgiza ba. Amma mu duba me muke yi da sifikar a shekara. Tarbar sababbin ɗalibai, lacca, muhawara, ranar al'ada, walimar masu gamawa. Kusan duka magana ce. Muryar namiji ba ta cika sauka ƙasa da 85Hz ba, kuma abin da ke sa a bambance kalma da kalma yana can sama, wajen 2000 zuwa 4000Hz. A Hausa ma abin ya fi tsanani: idan sifika ba ta fitar da bambancin kafa da ƙafa, ko dauka da ɗauka, mai lacca wahalar banza yake yi. Kalangu da kotso da algaita ma ba zurfin bas suke nema ba. Ranar da ake son casu, a yi hayar sab na yini ɗaya a ƙara.

Akwatin kansa ba a yin sa da ka. Kowane kan sifika na kirki yana zuwa da lambobi uku, Fs da Qts da Vas, daga aikin Neville Thiele na Ostareliya a 1961 da Richard Small da ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Idan Qts bai kai 0.4 ba, akwati mai ƙofar iska yake so. Ka zuba lambobin a WinISD, manhaja ce ta kyauta, ta ba ka girman akwati da tsawon ƙofar. Wanda ba shi da takardar lambobin nan, ko mai shago ya ce "oga na orijinal ne, kawai ka ɗauka", a bar masa kayansa. Katako kuma filawud mai kaurin milimita 18, da maƙarai a ciki don kada bango ya riƙa rawa. Kada a yarda da katakon garin nan da ake matsewa. A Kano ko Sakkwato zai iya daɗewa, amma danshin daminar nan Kudu zai kumbura shi kafin mu gama zango biyu.

Wanda za a aika Alaba ko wata kasuwar ya tafi da maltimita da batirin tocila. Kan da aka ce om 8 ne zai nuna wajen 5.5 zuwa 6.5, haka yake, ba matsala ba ce. Amma biyun da za mu saya su nuna kusan abu ɗaya, idan ɗaya ya yi nisa da ɗan'uwansa wataƙila an taɓa sake naɗa masa koyil. A danna takardar a hankali da yatsu a ji ko tana gogar wani abu. A taɓa batirin a ga ta motsa waje idan an haɗa jan waya da kan batirin, don kada a haɗa akwati biyu ɗaya na turawa ɗaya na ja, su cinye bas ɗin juna. Wannan gwajin na mai takarda ne, ban da kan hon.

Masu son a sayi na kanti suna da hujjar da ban raina ba. Nasu yana da taya, yana da Bluetooth, ana buɗe kwali a kunna, kuma idan na gama na tafi wa zai kula da na haɗi? Amsata ita ce na haɗin ne ma ya fi sauƙin gyara: sukurori ne, duk mai gyaran rediyo a Sabo zai iya cire kai ya sa wani, allon amfilifayar kuma ana sayensa daban. Na kantin idan allonsa ya ƙone, sau da yawa sai dai a ajiye shi a sito. Zan rubuta zanen wayoyin da ƙimar kowane resisto a liƙa a cikin murfin baya, in kuma haɗa shi tare da ƙannenmu biyu ko uku na ajin ƙasa don su san cikinsa.

Abu na ƙarshe da ke raina shi ne maƙwabta. Mu baƙi ne a garin nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce taron 'yan Arewa ya hana mutanen hostel karatu. Bas shi ne ke ratsa bango ya bi ko'ina, ba a iya saita shi. Hon kuwa yana da inda yake fuskanta. Idan aka ɗaga akwatin a kan sanda sama da kawunan mutane, aka ɗan sunkuyar da shi, sautin zai sauka a kan masu zama, ba sai an ƙure boliyom ba.

Abin da zan gabatar a zaman ranar Asabar ke nan: kai biyu masu inci 12 da ba su gaza desibel 96 ba, kan hon biyu masu inci ɗaya, kayan kurosoba, allon amfilifaya, filawud da ladan kafinta. Ma'aji ya taimaka ya zo da farashin na kantin da ake so, ni ma zan zo da nawa a rubuce. Idan kuma akwai mai irin akwatin nan na wat 5000 a ɗakinsa, don Allah ya ara mana shi na awa ɗaya. Zan aro kai ɗaya daga wajen wani mai haya, mu kai su filin ƙwallo, a sa mutum ɗaya ya karanta sanarwa ɗaya a kowanne, sauranmu mu tsaya a raga ta can nesa mu saurara.